Baƙon da na zagaya da shi Kano ya bar gadoji ya bi 'yan garuwa da hoto

Abba_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan. Masana'antar da nake aiki a Sharaɗa ta sayo sababbin injuna, aka turo wani injiniya daga Jamus ya zo ya haɗa su. Ranar Asabar ya ce yana son ganin gari, sai aka haɗa shi da ni. Na biyo da shi ta gadar Ƙofar Nassarawa, na ratsa da shi titin gidan gwamnati, na nuna masa manyan shagunan Zoo Road. Duk wannan yawon wayarsa na aljihu. Muna shiga cikin birni ya ce in tsaya. Wani ɗan garuwa ya gani yana turo kura a hawa, jarkoki goma sha huɗu, jijiyoyin wuyansa duk sun fito. Ya ƙirga jarkokin, ya tambaye ni lita nawa kowace ke ci, na ce 25. Ya yi shiru, sannan ya ce wato kilo 350 ke nan mutum ɗaya yake turawa. Ya ɗauki hoto. Daga nan mai shayi, ya kusan minti ashirin a tsaye yana kallon yadda yake ɗaga kofi sama yana tsiyayo shayin cikin ɗaya kofin ba tare da ɗigo ya zuba ba. Sai mai wankin hula da hulunan da ya kifa a kan gwangwanaye suna shan rana, sai awaki a kan badala, sai almajirai da robobinsu. Jiya ya turo mini hotunan, babu gada ko ɗaya a ciki. Idan iyalinsa suka gani, wace Kano za su ɗauka a ransu? Raini ne wannan, ko ni ne nake jin kunyar abin da bai kamata in ji kunyarsa ba?

Ummu_Haidar:
Wa alaikumus salam. Raini ne, Yaya Abba. Tun daga gida suke zuwa da hoton Afirka a kansu, abin da ya yi daidai da shi kawai suke nema. Ka kai su gida mai hawa goma, idonsu na kan kwatar da ke bayansa.

Sani_Adaidaita:
Hajiya a yi haƙuri, ban yarda gaba ɗaya ba. Shekarata tara ina tuƙa adaidaita sahu, na ɗauki 'yan China daga Kwari, na ɗauki Indiyawa, na ɗauki Turawa biyu ko uku. Mutumin da garinsu gada a kan gada ce, me zai yi da hoton tamu? Abin da babu a garinsu shi zai kalla. Wata baturiya da na kai Kurmi, abin da ya fi ba ta mamaki gaisuwa ce. Na tsaya sayen rake, ni da mai raken muka yi ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, ya jikin tsohuwa. Ta sa tafintanta ya tambaye ni ko ɗan uwana ne. Na ce a titi kawai muka saba. Ta rubuta a ɗan littafinta.

Malam_Inuwa_Mai_Ritaya:
Abba, ɗana, wannan tambayar ta girme mu duka. Na koyar da tarihi a sakandare shekaru masu yawa, bari in ba ku abin da na sani. A watan Janairun 1824 wani sojan ruwan Ingila, Hugh Clapperton, ya shigo Kano. Ya caɓa ado da kakinsa yana zaton gari zai fito kallonsa. Da kansa ya rubuta cewa babu wanda ya ko waiwayo, kowa harkar gabansa yake yi. Da ya shiga kasuwa ya tarar da lema 'yar Ingila mai launin kore wadda ta ƙetaro sahara ta riga shi isowa, ya saye ta. Ya kuma ba da labarin tsarin kasuwar: akwai sarkin kasuwa mai raba rumfuna, kuma dillali yakan sa sunansa a cikin ƙunshin tufa, ta yadda ko an kai ta Borno aka buɗe aka ga algus, za a dawo da ita a mayar wa mutum kuɗinsa. A 1851 Heinrich Barth, ɗan ƙasar baƙon naka, wanda a nan aka sani da Abdulkarim, ya hau dutsen Dala ya zana garin daga sama. Ya ƙiyasta mazauna Kano dubu 30, ya ce da rani idan fatake suka cika gari adadin yakan ninka. Ya yaba saƙa da rini, ya ce tufar Kano tana kaiwa Tumbuktu da Tarabulus. Amma su biyun ba su ɓoye ƙazantar kududdufin Jakara ba, ba su kuma ɓoye wurin sayar da bayi ba. Yau idan muna son sanin yadda titin Kano yake shekaru 200 da suka wuce, rubutun waɗannan baƙin muke komawa, domin malamanmu na lokacin sun fi rubuta sarakuna da yaƙoƙi da fiƙihu. Mai sayar da fura a bakin hanya ba ya cikin abin da ɗan gari yake ganin ya isa a rubuta.

Ummu_Haidar:
Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya. Amma ai waɗannan rubuce-rubucen su ne suka share wa Gwamna Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, hanya. Shekara hamsin da kaɗan bayan Barth aka ci Kano da yaƙi.

Malam_Inuwa_Mai_Ritaya:
Gaskiyarki 'yata, a 1903 ne, kuma gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar tasu duka biyun. Ban wanke su ba. Abin da nake cewa, ido mai wata manufa ma yakan ga gaskiya.

Dan_Azhar:
Ni zan kawo ta wani ɓangaren, domin na yi baƙunta shekara shida a Alƙahira ina karatu. Kun san hoton farko da na turo wa mahaifiyata? Ba masallacin Azhar ba ne, ba dalar Giza ba ce. Wani yaro ne a kan keke, ya ɗora wani dogon faranti na itace a ka, an jera gurasa a kai ta fi ɗari, hannu ɗaya a kan faranti ɗaya a kan keke, yana kutsawa tsakanin motoci. Na biyu kuma kwando ne. Mata a benaye suna ɗaure kwando da igiya su zuro shi daga hawa na huɗu ko na biyar da kuɗi a ciki, mai kayan miya ya zuba tumatir da albasa da canji, su janye. Na tsaya ina kallo baki buɗe. Wani abokin karatuna Bamisire ya ga hotunan a wayata, ransa ya ɓaci, ya ce me ya sa ban ɗauki jirgin ƙarƙashin ƙasa ba, wanda tun 1987 suke da shi. Daidai maganar da Abba yake yi yanzu. Kuma wallahi babu raini ko ƙwayar zarra a zuciyata, burge ni suka yi. Mai keken nan har yau ina tuna fuskarsa.

Maman_Ilham:
Duk na ji, amma akwai inda ba ku taɓa ba. Mai shayi babba ne, idan bai so ba zai ce a'a. Almajirin fa? Yaro ɗan shekara bakwai, iyayensa na ƙauye, wa aka tambaya kafin a ɗauke shi? Na taɓa ganin hoton 'yar maƙwabciyarmu, tana tallar gyaɗa, a jikin takardar wata ƙungiya ana neman taimako da shi. An rubuta kamar marainiya ce. Yarinyar nan ubanta na da rai, tela ne, kuma da safe makaranta take zuwa. Uwar ta yi kuka da na nuna mata. Ba kuɗi take nema ba, cewa ta yi an mayar da 'yarta abar tausayi a idon duniya. A ƙasashensu ka isa ka tsaya ƙofar makaranta kana ɗaukar 'ya'yan mutane?

Bashir_Mai_Hoto:
Anti Maman Ilham, wannan ita ce maganar. Sana'ata ke nan, kuma nakan raka baƙi masu ɗaukar hoto, musamman lokacin hawan sallah. Sharaɗina ɗaya ne kafin mu fita: a yi sallama, a gaisa, a nemi izini, a nuna wa mutum hotonsa bayan an ɗauka. Yara kuma sai da babba a wurin. Mafi yawansu suna bi. Amma mu faɗi gaskiya, mu 'yan gida mun fi kowa karya wannan. Hatsari ya faru a titi, kafin a ɗaga wanda ya ji rauni waya ashirin ta fito. Laifi tudu ne.

Abba, game da gada kuma: a matsayina na mai hoto, gada ba ta motsi, ba ta da fuska. Ni ma da zan zaɓa, mai shayin zan ɗauka.

Hadiza_Damagaram:
Sannunku mutanen Kano. Mu a Damagaram mun san wannan tun lokacin da Nasaru ke zuwa yawon buɗe ido da yawa, su kwana biyu a nan su wuce Agadas. Unguwar Birni suke nufa, gidajen ƙasa masu zane a bango, da fadar Sultan, sai wurin dukawa masu aikin fata. Muna yara mukan bi su muna cewa kado, kado, wato kyauta da Faransanci. Yanzu da na girma abin yana damuna, domin mu ma mun koya musu kallonmu a matsayin masu miƙa hannu. Tun da matsalar tsaro ta sa suka ɗauke ƙafa, masu sana'ar hannu da yawa sun shiga wani hali. Kuma Malam Inuwa, kun manta da ɗanmu Dorugu.

Malam_Inuwa_Mai_Ritaya:
Ban manta ba Hajiya Hadiza, na gode da kika tuna mini. Dorugu yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram, an kama shi bawa, aka 'yanta shi, ya bi Barth har Turai a 1855 tare da wani yaron mai suna Abbega. Ya ga Landan, ya ga Hambug, ya kuma ba da labarin abin da ya gani da Hausa, wani mai wa'azin Kirista, Schön, ya rubuta. To me ya ja hankalinsa? Irin su yadda mutanen ke zaman cin abinci da yadda suke mu'amala a gidajensu. Ƙananan abubuwan yau da kullum, irin na injiniyan Abba. Daga baya ya dawo, ya koyar a makarantar Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa da ke Nassarawa a nan Kano, a nan ya rasu a 1912.

Alhaji_Nima:
Gaisuwa daga Ankara ta Gana. A nan unguwar Nima har masu zagayawa da baƙi ake da su, a biyo da su lungu-lungu, su ci waakye, su sha koko da ƙosai, wanda duk Gana ake kiransa kokon Hausa. Waakye ɗin nan ma sunanmu ne, shinkafa da wake, ana dafa shi da karan dafi ya yi ja. Da farko dattawan zango ba su so ba, suka ce an mayar da mu abin kallo. Wasu har yanzu suna kan bakansu. Ni abin da na lura, idan ɗan unguwa ne ya riƙo baƙo, labarin da zai tafi da shi daban ne da idan an kawo shi a mota mai baƙin gilashi ya leƙa ya wuce. Da ɗan gari akan ci gari. Abba, kai da ka raka shi, me ka gaya masa game da ɗan garuwan?

Injiniya_Rabi:
Zan faɗi abin da ba za a so ji ba. Hoton ɗan garuwa ya yi mana ciwo ne saboda gaskiya ne. A unguwarmu famfo ya fi shekara goma bai ɗigo ba. Kowace safiya kura biyu nake saya. Baƙon nan injiniya ne, da ya ga kilo 350 a hannun mutum ɗaya ya san aikin bututu ne ɗan Adam yake yi. Gadar da muke so ya ɗauka, ka tsaya a ƙarƙashinta da asuba ka ƙirga kura nawa za su wuce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maimakon mu yi fushi da mai hoto, mu tambayi kanmu yaushe ruwa zai zo.

Ummu_Haidar:
Anti Rabi ba wanda ya ce babu matsala. Amma gidan kowa akwai inda ba ya kai baƙo. Su ma suna da masu kwana a titi, me ya sa ba su ne a katin gaisuwarsu ba?

Lawwali_Dan_Maradi:
Ina karanta ku tun ɗazu, kowa na maganar ɗan garuwa kamar ba mutum ba ne mai baki. Ni na yi garuwa shekara huɗu a Kano kafin in samu jarin buɗe shago. Da yawanmu daga Nijar muke zuwa cin rani, bayan an gama girbi. Hayar kura kake yi, ka biya mai ita kullum, ka biya mai rijiyar burtsatse, abin da ya rage naka. Kafin kiran assalatu ka kama layi. Tayar babur ce a jikin kurar, idan ta yi faci a hawa ranar ka gane kurenka. Amma akwai abin da hoto ba ya nunawa. Ina da gidaje goma sha ɗaya da nake kai wa ruwa. Ina sallama a zaure, a ce shigo, in juye a randa in fita, ba a biya na sai ƙarshen mako. Wata tsohuwa a Ƙoƙi da gawayi take jan layi a bangon zaure, kowace jarka layi ɗaya, ban taɓa ƙirgawa a bayanta ba, ita ma ba ta taɓa rage mini ba. Da na yi zazzaɓi kwana biyar, ita ta aiko jikanta da kunu har inda muke kwana. Da kuɗin garuwa na yi aure, da shi na sayi shanun huɗa biyu. Da baturen ya ɗauke ni a lokacin ba zan ji kunya ba. Abin da zan so kawai ya tambayi sunana.

Injiniya_Rabi:
Malam Lawwali, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Ban yi nufin ƙasƙantar da sana'ar ba, a yafe ni idan maganata ta yi kama da haka.

Lawwali_Dan_Maradi:
Ba komai Hajiya, gaskiya kika faɗa. Ƙirjina har yau yana tuna mini.

Yusuf_Kigali:
Ni dai da na je Kigali wani taro, titi na yi ta ɗauka, saboda ko leda ɗaya ban gani a ƙasa ba. Tun 2008 suka hana ledar zuba kaya, kuma Asabar ɗin ƙarshen kowane wata kowa na fitowa aikin gayya, suna ce masa umuganda. Mu ma muna da tsaftar ƙarshen wata, amma sai mu zauna a gida mu jira ƙarfe goma ta yi. Idan muka gyara titunanmu, duk inda baƙo ya juya wayarsa alheri zai ɗauka.

Sani_Adaidaita:
Yallaɓai Yusuf, tsafta kam muna buƙata. Amma na ji an ce can ba a barin masu talla a bakin titi. Idan aka yi haka a Kano, mai awara da mai gurasa da mai yankan farce ina za su? Titin nan shi ne ofishinmu.

Marinin_Kofar_Mata:
Mu kam baƙi ba sabon abu ba ne a wurinmu. Karofin Ƙofar Mata tun 1498 ake lissafa shi, kakana a nan ya yi rini, mahaifina ma haka. Yawancin ramukan yanzu a bushe suke, atamfa da shaddar waje sun cinye kasuwar. Baƙo zai zo ya durƙusa a bakin rami, ya tambayi me ake zubawa, mu ce baba da toka da kanwa, ya tambayi kwana nawa yake yi kafin ya nuna, ya ga yadda zane ke fitowa kore-kore iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonsa. Ya shiga wurin masu bugu ya ji yadda sandunan ke sauka bi-da-bi. Ya sayi zane biyu ko uku. Ɗan Kano kuwa, wani an haife shi a Yakasai, yana wucewa ta ƙofar nan kullum, bai taɓa leƙowa ba. 'Yan makaranta kaɗai ake kawo mana. Don haka ni ba zan zagi idon baƙo ba.

Abba_Fagge:
Na gode ƙwarai, ban zaci maganar za ta yi nisa haka ba. Alhaji na Nima, tambayarka ta kama ni: ban gaya masa komai ba game da ɗan garuwan, sauri nake mu bar wurin. Bayan na karanta Malam Lawwali na rubuta wa injiniyan, na tambaye shi wane hoto ya fi so a cikinsu. Ya turo wanda ni ban ma lura da shi ba. Wata rumfa ce a Kurmi lokacin azahar, mai ita ya tafi masallaci, ya gitta sanda a ƙofa kawai, kaya na nan a fili, takalman fata da jakunkuna, ba kowa. Ya ce wannan ya nuna wa matarsa da farko, ta ƙi yarda sai da ya rantse mata. Na kuma gaya masa maganar Maman Ilham a kan yaran. Ya ce bai sa su a intanet ba, kuma zai goge. Ban san ko ya goge ba.

Maman_Ilham:
Allah ya sa ya cika. Amma ka ga sai da aka gaya masa.

Ummu_Haidar:
Ni har yanzu ina nan a kan bakata. Mutum ɗaya mai kirki bai canza abin da ake nunawa a talabijin ɗinsu ba.

Bashir_Mai_Hoto:
Malam Lawwali, idan ba damuwa ina son in zo shagonka. Ina da niyyar in bi 'yan garuwa tun daga layin rijiya da asuba har gidajen da suke kai ruwa, da sunan kowa da garinsu, da izininsu. Za ka haɗa ni da waɗanda ke kan aikin yanzu?

Lawwali_Dan_Maradi:
Ka zo bayan sallar la'asar, lokacin sun ɗan huta. Zan fara yi musu magana tukuna, wanda ya ce a'a kada ka matsa masa. Tsohuwar Ƙoƙi ta rasu bara, amma zan tambayi jikanta ko layukan gawayin na nan a zauren.